Ranar Da Na Yi Wa Tsofaffin Sabo Tafinta

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar shago ce da ta kakana suka sha mini kai. Labarinsa ma nake son in ba ku yau.

Kakan nan nawa, da muke kira Alhaji Babba, yana saurayi ya baro ƙasar Kano ya zo Ibadan. Da dakon huhun goro ya fara a nan Sabo, kafin Allah Ya buɗa masa ya zama mai kayan kansa. Mahaifina ya gaji sana'ar, ni kuma tun da na gama sakandare nake zama shago. Har yau sa'o'insa na ba da labarin ƙarfinsa. Amma yanzu da ya haura 80, in zai tashi daga kan buzu sai ya dafa bango, murfin gorar ruwa ma sai ya miƙo mini in buɗe. Mu dai muka ce tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani.

Ana nan sai ga wasu likitoci daga wani asibiti a cikin gari, suna neman tsofaffin da ƙwanjinsu ya zube domin wani bincike. Suka gaida manyan unguwa, aka ba su aji ɗaya a Islamiyya. Su Yarbanci da Turanci suke ji, Yarbancin tsofaffinmu kuwa na ciniki ne. Sai Liman ya ce in tsaya in yi tafinta.

A bakin shugabarsu na fara jin abin yana da suna, wai sakofeniya, wato zaizayewar tsoka da ƙarfi saboda shekaru. Ta ce wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa sunan a 1989. Gwajin ba wuya. Akwai wani ƙarfe da ake matsawa da hannu, in ƙarfin namiji bai kai kilo 27 ba, ko na mace bai kai 16 ba, to akwai alama. Sai kuma mutum ya tashi daga kujera sau 5 ba tare da dafawa ba, a ga ko zai wuce daƙiƙa 15. Ta ce har yanzu babu ƙwayar da hukumomi suka amince da ita a matsayin maganin abin. Abin da aka ga yana taimakawa shi ne motsa jiki mai sa tsoka aiki, da abinci irin su wake, ƙwai, kifi da nono.

Na tambaye ta me ya sa suka biyo mu har unguwa. Ta ce samun irin waɗannan tsofaffi shi ne mafi wuya a aikin. Ko a Birtaniya, wani bincike mai suna LACE ya nemi mutum 440, amma 145 ya samu. Na ce a raina, to ina ga Sabo? Wanda ba ya iya tashi daga buzu ta yaya zai hau okada? Wa zai rufe shago ya raka shi? Kuma wane dattijo ne zai so a auna rauninsa a gaban yara?

Ga kuma tsohon tabo. Ba a haife ni ba a 1996, amma babu gidan Bakano da ba a san labarin gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer ba, lokacin annobar sanƙarau. Yara wajen 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shi ya sa da na kai maganar gida, mahaifina ya ce ba da ubansa ba. Ashe Alhaji Babba na jin mu daga zaure. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Wai ni aka zo nema ko kai?" Mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri Baba, tsoro nake ji muku." Ya ce, "Na ji. Bari in je in ji da kunnena."

Jarrabawata ta zo ne ranar karanta takardar amincewa. A ciki an rubuta cewa ƙuri'a za a yi, wasu a koya musu motsa jiki a ba su ƙarin abinci, wasu kuma shawara kawai za su samu. An ce ba a yi wa kowa alkawarin warkewa ba, kuɗin mota kaɗai za a bayar, kuma duk wanda ya so fita ya fita ba tare da ya rasa komai ba. Na san da yawa sun zo ne da zaton maganin kyauta. Wallahi zuciyata ta raya mini in tsallake wurin, don ina son likitar ta ga na cika mata aji. Babu wanda zai gane, ni kaɗai ke jin harsunan biyu sosai. Sai na tuna iyayen nan na Kano, na ga ashe ta bakin irina maganar ke lalacewa. Na faɗi komai yadda yake. Nan take wasu suka ɗauki sandunansu suka fita, ban kuma ga laifinsu ba.

Alhaji Babba ya yi tambaya uku: jini nawa za a ɗiba, wa zai ga sunansa, kuma za a tsaya in lokacin salla ya yi? Da aka amsa masa, aka kawo tawada ya dangwala yatsa, sai ya ture ta ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami.

Ƙuri'a ta jefa shi cikin masu shawara kawai. Ya yi dariya ya ce mini, "Ja'iri, ka ga ko a nan ma ba a yi mini kyauta ba." Ba zan ce muku ya warke ba. Amma kullum bayan la'asar yana tashi ya zauna a kan benci ina ƙirga masa, kuma ranar zuwa asibiti mahaifina da kansa yake tsare mini shago.

Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba su zo ba sam, musamman tsofaffin mata da ke kwance cikin ɗakuna. Su suka fi kowa buƙata, amma ba a ji ta bakinsu ba, 'ya'yansu suka amsa a madadinsu daga bakin ƙofa. 'Yan uwa, in irin wannan ta zo gidanku, ku yi tambaya son ranku, ku karanta takarda har ƙarshe, sannan ku bar tsohon ya faɗi ra'ayinsa, ko e ko a'a.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya. Wassalam.