Araha Ba Ta Ado: Maganar Birkin Mota

Kowa ya sani cewa a ƙasar nan man fetur a farashin gwamnati ya fi ruwan gora araha, ko da yake mu mutanen kudu sau da yawa sai mun sha layi ko mun saya a bayan fage. Kayan gyaran mota kuwa ba haka suke ba. Da dala ake shigo da su, kuma tun da aka karya darajar dinari a watan Janairun 2021, dala ɗaya ta koma dinari 4.48 a wancan lokacin, sai tsadarsu ta yi ta ƙaruwa. Shi ya sa samarinmu na Sabha, waɗanda suka ƙwallafa rai a kan motocin Jamus masu gudu, sukan sayi mota su rasa kuɗin riƙe ta. Abin da suke fara yi wa rowa kuwa shi ne birki, domin ba a ganinsa daga waje.

Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa, ba kanikanci ba. Amma akwai darasi guda da nake maimaita wa ɗalibai kowace shekara: idan gudun mota ya ninka sau biyu, tazarar da take bukata kafin ta tsaya takan ninka sau huɗu. Aikin birki shi ne ya mai da wannan gudu zafi. Takalmin birki ya matse faifan ƙarfe, faifan ya sha zafin ya watsar. In takalmin na jabu ne, da zafi ya yi yawa sai ya yi santsi, direba ya taka ya ji wayam.

Kwanan baya ɗan yayata ya zo mini da tsohuwar BMW ɗinsa, wadda ya saya bayan ta zaga hannu uku. Birkin gaba na ƙara, ga sitiyari na rawa in ya taka. Ya ce, "Kawu, na samo na araha a kwali mai kyau, rance kaɗan nake so." Na ce masa, "Yaro, kwali ba ya tsayar da mota. Tashi mu je a auna."

Muka je wurin wani bakanike mutumin Damagaram da ya daɗe a garin nan. Bai tambayi kuɗi ba sai da ya cire taya. Ya nuna mana rubutun da ke gefen faifan, inda masu ƙera shi suka buga iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba. Da ya auna, faifan ya riga ya wuce iyaka. Takalmin kuwa bai kai milimita 3 ba. Ya ce dukansu sun gama aiki, kuma dama da hagu tare ake canja su, in ba haka ba mota takan fizga gefe guda.

A shagunan kayan gyara mun tarar da kaya iri uku. Akwai mai tambarin kamfanin motar, wanda kuɗinsa ya kusa cinye albashina. Akwai marar asali, ba sunan maƙeri, ba lamba. A tsakaninsu kuma akwai na kamfanoni irin su ATE da Textar da TRW da Brembo, waɗanda dama su ne ke ƙera wa kamfanonin motoci birki. Na tsakiyar nan muka ɗauka. Muka tafi da lambar jikin mota, mai harafi da lamba 17, don kada a ba mu na wata. Muka duba alamar R90 ta Turai, wadda ke nuna an gwada kayan. Tun da ita ma alamar ana iya kwaikwayonta, sai muka saya wurin mai shagon da bakaniken ya sani, wanda in kaya ya ba da matsala za a iya komawa gare shi.

Yaron ya so faifai mai huji-huji, irin na motocin tsere. Bakaniken ya yi dariya, ya ce a garin da iskar gibli ke cika ko'ina da yashi, wannan ado ne mai cin takalmi da aljihu. Faifai shafaffe mai kafar iska a tsakiya ya wadatar, ya kuma fi sauƙi. Haka takalmin tsere, sai ya ɗau zafi yake kamawa sosai, bai dace da mai zuwa kasuwa da safe ba. Kuɗin da ya ragu muka canja man birki da shi, domin yana shan danshi, bayan shekara biyu ya kamata a zubar. Ya kuma gargaɗe shi da ya bi a hankali a kilomita 200 na farko har sabon takalmi ya zauna.

Wani zai ce maganar ta yi yawa a kan ƙarfe. To, a tuna da hanyarmu. Daga nan zuwa Tarabulus ya fi kilomita 700, ta Birak da Shuwairif da Mizda. Raƙumi kan faɗo titi da dare ba sallama, ga gangaren dutsen Garyan yana jira bayan direba ya gaji. In hatsari ya auku, asibiti yana da nisa. Da yawa daga samarinmu kuma su ne ke ciyar da iyaye a nan ko a Agadas da Kano, wasu ma takardunsu ba su cika ba, ƙaramin karo kan zame musu doguwar shari'a.

Saboda haka ina kira ga iyaye da ƙannenmu: a rage kuɗi wajen suna da ado, amma kada a rage wajen inganci. Wanda bai da halin birki mai kyau, gara ya ajiye motar har ya samu. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.