Ƙafar da ta riga ƴar'uwarta girma

Larurar da ƴarmu ta zo duniya da ita tana ɗauke da sunan likitoci 2 na Faransa, Maurice Klippel da Paul Trénaunay, waɗanda suka siffanta ta a shekarar 1900. Alamu 3 suka haɗa: faffaɗan tabo ja a fata, wanda kan baƙar fata yake yin duhu, jijiyoyin jini masu kumburi da murɗewa, sai gaɓa ɗaya, galibi ƙafa, da ke fin ƴar'uwarta kauri ko tsawo. Ga ƴarmu ta hagu ce.

Tsofaffin gida sun kira tabon tawadar Allah. Da ƙafar ta fara kauri, maƙwabta suka koma cewa tundurmi ne, wasu kuma suka yi ta raɗa cewa abin daga dangin uwa ya fito. Wannan magana ita ta fi mana ciwo, kuma ba ta da tushe. Sauyi ne ke aukuwa a ƙwayar halitta da ake kira PIK3CA, a wani sashe na jikin jariri tun yana ciki. Ba gado ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma ba abin da mai ciki ta ci ko ta gani ne ya jawo shi ba.

Ba a warkewa sarai, amma ana lallaɓawa. Hoton jijiyoyi da na IRM su ke nuna zurfin abin. Daga nan sai safa mai matse ƙafa, wadda ita ce ginshiƙin jinya, da ƙara wa takalmin gajeriyar ƙafa tudu don kada ƙugu ya karkace. Likita kan yi allurar da ke toshe jijiyar da ta lalace, ko ya dusashe tabon da hasken leza.

Abubuwa 2 ke hana mu barci. Na farko gudan jini, wanda kan iya tashi daga ƙafa ya toshe huhu. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, asibiti ne nan take, ko da tsakar dare. Na biyu miki: ɗan ƙwarzane kan zama zazzaɓi da kumburi mai zafi. Saboda haka muna roƙon iyaye, tare da girmama wanzamanmu, kada a bari a yi ƙaho ko tsaga a irin wannan ƙafa, domin jininta ba ya tsayawa da sauƙi.

A 2018 likitocin asibitin Necker na birnin Paris suka bayyana cewa maganin alpelisib ya rage girman gaɓoɓin majinyata masu wannan sauyi, Amurka kuma ta amince da shi a 2022 ga masu tsananin larurar. Tsadarsa ta fi ƙarfinmu. Mu dai safar muke sabuntawa duk lokacin da yarinyar ta ƙara tsawo, muna kuma lallashinta ta jure ta a zafin watan Afrilu.