Ɗakin da Na Gina wa Shara

A yawancin unguwannin Sakkwato, ƙofar gida ita ke cin kuɗin ado: katanga mai fenti, ƙyauren ƙarfe mai zane, wani lokaci har da fitila a kan ginshiƙi. Taku biyu daga nan sai ka tarar da rabin durom mai tsatsa, awaki sun kifar da shi, iska ta raba ledojinsa ga maƙwabta. Unguwarmu ta Gidan Dahala ba ta fita daban ba. Bara, kafin damina ta faɗi, na gina wa mazubin sharar gidanmu ɗan ɗaki. Aikin kwana huɗu ne, amma shawarwarin da ya tilasta mini yankewa sun shafi lafiyar iyali, da haƙƙin maƙwabci, da haƙƙin hanya, shi ya sa na ga ya cancanci a yi bayaninsa.

Daga juji zuwa leda

Kakanninmu ba su buƙaci irin wannan gini ba, domin shararsu daban take da tamu. Abin da ake sharowa daga tsakar gida toka ne, da ƙaiƙayi, da kashin awaki, da karan dawa, da ganyen da aka naɗe abinci. A tara su a juji, idan rani ya yi nisa manoma su zo da jakuna da mangala su kwashe zuwa gona. Taki ne, kuma dukiya ne. Gonakin da ke kewaye da Kano sun daɗe suna rayuwa a kan wannan musaya tsakanin birni da karkara. A zamanin En'e kuma akwai duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da magudanar ruwa, mai ƙazanta ya sha tara.

Leda ce ta rushe wannan tsari. Tun daga shekarun 1990 da ruwan leda ya zama abin shan kowa, juji ya cika da abin da ba ya ruɓewa. Manomi ba ya murna da takin da zai bar masa gona cike da roba. Dabbar da ta ci leda tana ramewa, kuma mahauta sun saba ciro ƙullin leda daga tumbin shanu da tumaki. Aka wayi gari sharar da a da ake roƙo a ba mutum, yanzu sai an biya kafin a ɗauke ta. Tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin soja ta 1984 zuwa 1985, ta koya mana fito da shara bakin titi. Abin da za a yi da ita a sauran ranakun wata kuwa an bar wa kowane gida.

Yawanta ma ba kaɗan ba ne. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a Afirka kudu da Sahara yana fitar da kusan kilo 0.46 na shara a rana, kuma kashi 44 cikin 100 kawai ake kwashewa. Mu takwas ne a gidanmu. Bisa wannan lissafi, muna tara kusan kilo 26 a mako. Dole wannan kaya ya sami wurin zama kafin a zo ɗaukarsa.

Ciki ko waje

Tambayar farko ita ce inda za a kafa shi. Abu mafi sauƙi shi ne a jingina shi da katanga ta waje, wari ya tsaya a lungu. Dalilai uku suka hana ni. Na farko, lungu ba nawa ba ne. Duk ƙafa uku da na ci, na rage wa mai kurar ruwa da mai Keke hanya, kuma da irin wannan ci kaɗan-kaɗan ne dakali da tudun shiga mota suka shaƙe lungunanmu. Na biyu, rufin da bai kai ƙafa biyar ba a jikin katanga matakala ce ga mai son haurawa da dare. Na uku, tagar ɗakin maƙwabcina tana kallon daidai wurin.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tattauna irin wannan. Ibn al-Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini, ciki har da cutar da hayaƙi da wari da ruwan kwata ke yi wa maƙwabci. Ginshiƙin maganar shi ne mutum yana da ikon yin abin da ya so a cikin mallakarsa matuƙar bai cutar da waninsa ba. Don haka kafin a sauke yashi na je na gaida dattijon da muke katanga ɗaya, na gaya masa niyyata. Ya saurara, sannan ya ce, "To ɗana, in dai warin bai iske ni bisa tabarmata ba, Allah shi sa albarka." Na ce, "In Allah ya yarda, Baba." Sharaɗin nasa shi ya zama ma'aunin aikin.

Muka kafa shi a cikin gida, a kusurwar da ke nesa da ɗakin girki da tankin ruwa, ƙarƙashin inuwar dogonyaro. Muka yi masa ƙofa biyu: babba ta ciki, inda ake zuba shara, da ƙarama ta ƙarfe a jikin katanga, mai sakata da kwaɗo ta ciki, wadda ake buɗewa ranar kwasa kawai. Amfaninta shi ne mai kwasar shara ba ya buƙatar shiga tsakar gida inda mata suke. Akwai kuma wata sutura da ba a cika ambata ba. Shara tana ba da labarin gida: kwalin maganin da wani ke sha, takardar banki, abin da aka ci da wanda ba a samu ci ba. Gidan da ya yi zaure don kare idon baƙo bai kamata ya baje wannan a bakin hanya ba.

Yadda aka gina shi

Maginin da ya zo ya dubi zanen da na yi a takarda, ya yi dariya ya ce, "Malam, wanga ɗaki duk na shara na?" Da muka fara awo sai ya zama shi ke ba da shawarwarin da suka fi amfani.

Tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 3, tsayinsa ƙafa 4 da rabi, wato daidai mazubi uku a jere, da sararin ɗaga murfi ba tare da an jawo su waje ba. Katangar gida ta zama bangon baya, sai aka tada gefe biyu da bulo mai inci 6. Siminti ba abin nema ba ne a garin da ke da masana'antarsa a Kalambaina, amma tsadarsa ta sa muka taƙaita shi ga inda ya zama dole, wato daɓe da filasta.

Daɓen ya fi komai muhimmanci. An ɗaga shi bulo ɗaya sama da ƙasa don kada ruwan damina ya shiga, an ɗan karkata shi zuwa magudanar gida, an kuma goge shi sumul yadda bokiti ɗaya na ruwa da tsintsiya za su wanke shi. Ruwan da ke tsatsowa daga ruɓaɓɓen abinci shi ne tushen wari, kuma ƙasa ko daɓe mai kaushi suna shanye shi su riƙe.

Sai iska. Ɗakin da aka toshe ruf a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu tukunya ce. Muka sa bulo mai huda a layin sama na ɓangarorin biyu, mai walda kuma ya bar tazara a saman ƙofar ciki. Kowace kafa an rufe ta da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, domin ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ramin da bai wuce milimita 6 ba. Ƙasan ƙofofin ma an matse su da daɓe. Wannan ba tsanani ba ne: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa, kuma abin da ke kawo ɓera gida shi ne abincin da yake samu a sauƙaƙe.

Rufin na kwano ne, mai gangara zuwa cikin gida don kada ya zubar wa lungu ruwa, an ɗaure shi da ƙarfe saboda guguwar farkon damina. Ƙofar ciki ba ta kallon gabas, tunda daga can hadari ke tasowa. Rufi yana da wani amfani bayan hana shara jiƙewa. Gwangwani da robar da suka tara ruwan sama su ne wurin haihuwar sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue, wanda hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a watan Nuwamba na 2023.

Mazubi uku, da lissafin ƙuda

Mazubi na farko na abin da ke ruɓewa ne, mai murfi mai kamawa. Ba ya cika da sauri, domin ƙanzo da ɓawon kankana da ragowar tuwo suna tafiya wurin awakin maƙwabta tun da safe. Na biyu na leda da kunzugun yara na zamani ne, waɗanda ake ƙullewa kafin a jefa. Na uku na abin da ke da kuɗi ne: gwangwani, ƙarfe, robar lemo, tsofaffin takalma. 'Yan jari-bola suna saye ko su karɓa da godiya, kuma tunda an ware musu, ba su da dalilin zazzage sauran. Toka tana da bokitin ƙarfe nata daban a waje, saboda garwashin da ke ɓuya a cikinta yana iya cinye mazubin roba da abin da ke kusa da shi.

Ƙuda ne ya tsara mana ranakun kwasa. Macen ƙuda tana zuba ƙwai kusan 100 a lokaci ɗaya, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya, kuma a yanayin zafi tsutsar tana zama ƙuda cikin kwana 7 zuwa 10. Duk gidan da shararsa ke kwana bakwai yana kiwon ƙuda ne, ko da ginin ya yi kyau. Saboda haka muke fitar da mai ruɓewa sau biyu a mako, a wanke daɓen duk ranar Asabar. Wanda ya ga abin da kwalara ta yi a 2021, shekarar da aka ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, ba zai raina abin da ke sauka a kan abincin yara ba, ko da yake gurɓataccen ruwa ne babbar hanyarta.

Bayan ƙaramar ƙofa

A nan ne amfanin ginin ya tsaya. Ɗakin shara wurin jira ne na kwana uku ko huɗu. Kundin tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sa kwasar shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, jihohi kuma sun kafa nasu hukumomin. Amma motar kwasa ba ta shiga lungu irin namu. Abin da ke shiga shi ne yaro da baro, ko almajiri da buhu a ka.

Ina yake kai ta? Idan an ba shi abin da bai kai ladan tafiya mai nisa ba, zai juye ta a wuri mafi kusa: kangon da ba a gina ba, ko kwalbati. Daga kango, wani zai cinna mata wuta da magariba, hayaƙin roba mai guba ya shiga ɗakunan da ke kewaye. Daga kwalbati, za ta jira ruwan Agusta, ta toshe hanya, ruwan ya koma gidajen da ke gangare, waɗanda galibi na masu ƙaramin ƙarfi ne. Wannan shi ne haɗarin gini irin nawa ga mutane irinmu, ma'aikata masu albashi: yana kawar da shara daga idonmu sosai har mu daina tambayar makomarta. Rabin durom na bakin ƙofa, duk muninsa, yana tuna wa mai gida cewa akwai sauran aiki.

Abin da muka yi shi ne magana da gidaje biyar na lungunmu bayan sallar la'asar. Muka amince da mutum ɗaya, baligi mai kura, wanda ke zuwa Talata da Asabar. Muna biyansa a wata, kuɗin da ya isa ya tura kurar har wurin tara shara na bakin babban titi, inda mota ke iya tsayawa. Muka saya masa safar hannu da takalmin roba. Ɗaya daga cikinmu yakan bi ta wurin lokaci-lokaci ya tabbatar can ake kaiwa. Gida biyu sun ƙi shiga, suna ganin kuɗin ya yi yawa ga abin da yaro zai ɗauka da ragowar abinci, kuma har yanzu muna lallashi. Tsarin yana da rauni: ranar da mai kurar ya kwanta ciwo, ko wurin tarawar ya cika ya tumbatsa, sai mu koma jira.

Ga wanda ke da niyyar yin irin wannan gini, jerin aikin a ganina shi ne: ya fara sanin wanda zai kwashe da inda zai kai, sannan ya nemi yardar maƙwabcin da iska ke kaɗawa wajensa, sannan ya raba shararsa uku ya ga yawan kowace a mako. Bayan haka ne zai san girman ɗakin da yake buƙata, ya kira magini. Mai haya da ba shi da ikon taɓa katanga zai iya sa mai walda ya ƙera masa keji na ƙarfe da raga, mai rufi da ƙafafu, wanda zai ɗauka ranar da ya tashi. Wanda ma bai da halin ko ɗaya, mazubi mai murfi a inuwa da kwasa sau biyu a mako sun ba shi mafi yawan amfanin.