Ragunan Inna da allon inci 43

Wannan makon labarin sayayya na kawo muku, sayayyar da ta hana ni barci fiye da jarrabawar ƙarshe ta difloma.

A farkon watan Janairun 2024 Inna ta kira ni ɗakinta bayan sallar Isha'i, ta ajiye ƙullin leda a gabana. Kuɗin ragunanta biyu ne, waɗanda take kiwatawa domin kasuwar Babbar Sallah. Duk wanda ya san kiwo ya san sayar da rago wata biyar kafin Layya asara ce da ido buɗe. Ta ce, "Auta, wannan ba kyauta ba ce. Ka je ka sayo abin kallon naka. Amma kafin Layya ina son ganin raguna biyu a turkena."

Na gama difloma a Kano State Polytechnic tun 2022. Takardun neman aiki da na rarraba sun isa a ɗaure ƙosai na wata guda. Abin da na mallaka shi ne PS4 na hannu da na saya da kuɗin zaman shagon POS na wani abokina, da wata tsohuwar talabijin inci 32 mai layi a tsakiya, sai shagon ƙofar gidanmu da Baba ya ba ni aro, a can ƙasar Kiru, kusa da Kwanar Dangora. Shirina shi ne allo guda ya yi mini aiki biyu: da rana samari su buga gem, da dare a kalli ƙwallo ko fim. Ga gasar cin kofin Afirka za ta fara a Kwaddibuwa ranar 13 ga wata. Ina ganin idan na rasa wannan kasuwa na yi sake.

A zuciyata inci 65 nake so. Akwai wani shago a bakin titi mai ƙaton allo, ina son duk wanda ya leƙo nawa ya manta da wancan.

Kafin in shiga Kano sai na bi ta Tudun Wada wajen Kawuna, wanda ya shafe shekaru yana da gidan kallo. Na same shi yana gyaran benci. Da na faɗi inci 65, bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, shagon naka taku nawa ne?" Na yi shiru. Ya ce in koma gida in auna, in kuma karanta abin da aka rubuta a jikin injina, sannan mu yi magana. Na ji haushi, don kuɗin mota na kashe na zo. Amma na bi.

Da tef ɗin telan unguwarmu na auna. Faɗin shagon mita 3, zurfinsa mita 4. A daren na zauna da waya ina bincike, na gano abin da ya kamata in sani tun tuni: incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace. Allon inci 65 faɗinsa ya kai santimita 144, kusan rabin bangona. Na inci 55 yana da 122, na inci 43 kuma 95. Akwai kuma wani lissafi da masu harkar suka saba yi wa hoto irin na dikoda da PS4: mai kallo ya zauna nesa da allo kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na wancan tsawon na karkace. Inci 65 ke nan yana neman mita 2 da rabi zuwa 4. Inci 43 yana neman daga mita 1 da rabi da ɗan ɗoriya zuwa ƙasa da mita 3. Masu buga gem kuwa a bencin gaba suke zama, bai fi mita 2 daga bango ba. Da na sa ƙaton, mai riƙe da fad sai ya riƙa juya wuya tsakanin ɗan wasansa da ƙaramar taswirar fili da ke ƙasan allo, kamar mai kallon tsere.

Sai batun wuta, wanda shi ne ainihin mai yanke hukunci a garuruwanmu. Wutar gari ba abin da za ka gina sana'a a kanta ba ce. Injina ƙarami ne, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, an rubuta wat 650 a jikinsa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. PS4 kaɗai yana jan wat 100 da wani abu idan ana wasa. Ga dikoda, ga fanka, ga ƙwan fitila, ga wayoyin da samari za su maƙala caji ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Abin da ya rage wa allon ba shi da yawa.

Ranar da zan tafi na saka PS4 ɗin a jakar goyo, da fad guda, da filashi mai hotuna biyu: ɗaya fari fat, ɗaya baƙi wuluk. Na hau mota daga Kwanar Dangora, muka bi ta Ciromawa da Kura muka shiga gari.

Beirut Road na fara zuwa, wajen masu kwamfuta, domin na karanta cewa allon kwamfuta ya fi talabijin saurin amsa umarni. Gaskiya ne kuwa. Wani matashi ya nuna mini monita inci 32 mai lanƙwasa, ya ce tana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa guda. Kyau kam ba a magana. Amma PS4 ba ya wuce sau 60, don haka sauran 84 ɗin kuɗi ne zan biya in ajiye. PS5, wanda ya fito a 2020, shi ne ke kai wa 120, kuma ko a mafarki ban kai gare shi ba. Sannan ba ta da lasifika, sai na sayi daban. Lanƙwasar kuma an yi ta ne domin mutum ɗaya da ke zaune a tsakiya, kan tebur. Ni mutum ashirin nake tunani. Da don ɗakina ne ni kaɗai, da ita zan ɗauka. Na yi masa godiya na wuce Sabon Gari.

A can ne na kusa zubar da ragunan Inna. Kun san mu duk talabijin mai faɗi filasma muke ce mata. To, wani mai kayan hannu ya nuna mini filasma ta ainihi, inci 60, a farashin da bai kai na sabuwar inci 43 ba. Ya kunna. Launin fili ya fito kore shar, har ciyawa kana ƙirgawa. Ya ce, "Alhaji ƙarami, wannan in ka kai ƙauye ka gama da su." Maganar ta shige ni. Na riga na sa hannu a aljihu.

Abin da ya cece ni shi ne na jingina tafin hannuna a bayanta ina leƙen ramukan waya, na ji zafi kamar murfin tukunya. Na karanta 'yar takardar da ke manne a baya: wat 350. Na kira Kawu. Ya ce, "Ɗana, an daina ƙera irin wannan tun wajen 2014. In ta mutu wa zai ba ka kayan gyara? Kuma gem ɗin ƙwallo yana da akwatin maki da ba ya motsi a kusurwa. Wata nawa za ta yi kafin inuwarsa ta zauna a jikinta?" Na tsaya a wajen na yi lissafin sola da nake burin haɗawa wata rana. Batir mai 200Ah a kan bolt 12 yana ɗaukar wat 2,400 na awa guda, rabinsa kawai ake so a sha idan ana son ya yi ƙarko. Allo mai wat 350 zai shanye wannan rabin cikin awa uku da rabi. Mai wat 75 zai kai awa 16. Na zare hannuna daga aljihu, na ba shi haƙuri. Bai ji daɗi ba, amma arha ba ta ado.

Daga nan na koma kan sababbi masu inci 43, na riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya har masu shago suka fara gajiya da ni. Abu biyar na duba, ga su ko wani zai amfana.

Na farko, yawan ɗigon hoto. Akwai masu 1366 a 768, akwai masu 1920 a 1080, akwai 4K masu 3840 a 2160. Wata mai arha da aka rubuta manyan haruffa a kwalinta, da na haɗa PS4 sai sunayen 'yan wasa suka fito da gefe-gefe kamar an yanka da reza. Ta farko ce aka yi wa ado. 4K kuwa ba na buƙatarta, tunda PS4 irin nawa 1080 yake bayarwa, dikodata ma ba ta wuce haka. Na biyu, jinkiri. Wani lokaci ka danna fad sai ɗan wasa ya ɗan dakata kafin ya buga, samari su ce fad ya yi nauyi, alhali laifin allon ne da ke tsayawa yi wa hoto kwalliya. Akwai wani saiti na musamman domin gem da ke kashe wannan kwalliyar. Duk wadda ba ta da shi na ajiye ta. Na uku, kallo daga gefe. Na riƙa takawa zuwa gefen dama da hagu ina kallon fuskar ɗan wasa. A wasu allunan, da ka kauce daga tsakiya sai launi ya koɗe. Irin da ake kira IPS ya fi riƙe launi daga gefe, irin VA kuma ya fi baƙi mai kyau a cikin duhu. Wanda zai kalli fim shi da iyalinsa a tsakiyar ɗaki, VA za ta yi masa daɗi. Ni da nake da masu zama jikin bango, IPS na zaɓa. Na huɗu, ramukan HDMI su kai biyu, don kada in riƙa zare dikoda ina sa gem har ramin ya saki. Na biyar, na sa hotunan filashina, farin da baƙin, ina neman mataccen ɗigo ko hasken da ke tsiyaya daga gefe.

Wadda na ɗauka wat 75 aka rubuta a bayanta. Da canjin da ya rage na sayi sitabilaiza da ƙarfen maƙalawa a bango da fad na biyu. A mota kuɗin mutum biyu na biya, na riƙe kwalin a tsaye tsakanin gwiwoyina har gida, don an gargaɗe ni kada in kwantar da shi.

Ranar da na maƙala ta, wani yaro ya leƙo ya ce, "Wai ita ce wannan? Ai ta bakin titi ta haife ta." Aka yi dariya. Na yi kamar ban ji ba, amma ta yi mini ciwo.

Baba kuma ya zo da nasa sharuɗɗan: ba caca, ba ɗan makaranta a lokacin boko ko Islamiyya, kuma da an kira salla a kashe. Ranar 7 ga Fabrairu aka jarraba ni. Wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu ya fara ƙarfe 6 na yamma, Magariba ta faɗo ana tsakiyar zagayen farko. Na miƙe na kashe. Mutum shida suka fice zuwa bakin titi suna mita. Allah Ya taimake ni, aka tafi hutu ba ci. Waɗanda suka zauna sun ga fenaritin Troost-Ekong, sun ga an soke ƙwallon Osimhen an ba abokan hamayya fenariti, sun ga Nwabali ya tare biyu a bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka tashi 4 da 2. Injina bai ko yi tari ba. Isha'i dai sai bayan wasa muka yi jam'inmu a ƙofar shago, kuma na sha faɗa a kan haka. Ranar 11 ga wata Kwaddibuwa ta doke mu 2 da 1 a Abidjan, mutane suka watse ba mai ce wa kowa sai da safe.

Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. Masu zama bencin ƙarshe ba sa iya karanta minti, sai sun tambayi na gaba. Daren manyan wasannin Firimiyar Ingila, bakin titi ya fi ni cika, kuma zai ci gaba da fi na. Abin da ke riƙe da shagona shi ne gem na rana, domin masu buga shi sun gane fad ɗina ba ya nauyi, har daga ɓangaren Bebeji wasu ke zuwa a kan babur ranar Juma'a da yamma. Kuɗin kowane wasa kaɗan ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Na san wasunku a nan suna riƙe da irin wannan ƙullin leda, ko na uwa, ko na adashi, suna tunanin buga littafin farko. Ni ma ina da labarin da na rubuta a bayan littafin bashin shago, wanda na karanta a zaman ƙungiyarmu ta marubuta. A da kwafi 1,000 nake cewa zan buga. Yanzu na fara ƙirga mutanen da na tabbata za su saya da kuɗinsu, sunansu ɗaya bayan ɗaya. Har yau ban kai 80 ba.

An yi Layya ranar 16 ga Yunin 2024. Kwana huɗu kafin nan na shigo gida janye da rago ɗaya, don farashin dabbobi ya tashi ya bar lissafina a baya. Na ɗaure shi a turke na tsaya ina sosa ƙeya. Inna ta fito ta zagaya shi, ta taɓa gadon bayansa, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora. Ta ce, "Allah Ya yi albarka, Auta. Saura ɗaya."

Na rubuta shi a shafin farko na littafin bashi, sama da sunan kowa.