Godiya, Ba Goɗiya Ba

Aikatau ɗin nan "gode" yana da wata ɗabi'a da ba kasafai muke tsayawa a kanta ba a darasin ginin jimla. Idan ɗan Adam za a gode wa, sai an sa "wa" ko "ma" a tsakani: na gode wa malam, na gode maka, mun gode musu. Amma idan aka zo kan Mahalicci, bakin Bahaushe yakan yar da wannan ƴar gadar, ya ce "mun gode Allah" kai tsaye. Wanda ya ce "na gode, malam" kiran malamin yake yi, shi ya sa ake jin ɗan numfashi a tsakiya. Masana za su ce daskararren furuci ne da yawan faɗi ya goge, kuma ba na musu da su. Ni dai tun da na lura da abin nake ganin kamar harshenmu ya keɓe wa godiya guda ɗaya hanyarta ta daban, wadda ba ta bi ta hannun kowa.

Ina da dalilin sa wa kalmar ido fiye da sauran ƴan ajinmu, domin sunana ke nan. A gidajen Kirista Hausawa ba baƙon suna ba ne, yana tafiya tare da su Alheri da Murna da Albarka. A lakkwal ɗin unguwarmu a Maraɗi kuwa ni kaɗai ce mai shi. Mushe ya rubuta shi da rubutun Faransanci, wanda bai san ƙugiya ba balle ya raba "d" da "ɗ", yara kuma suka ƙarasa aikin. Kafin a yi hutun farko na koma Goɗiya, macen doki. In na miƙe zan amsa tambaya, sai a ji haniniya daga bencin baya. Shekaru bayan haka, a ajin farko na jami'a, malamin tsarin sauti ya rubuta kalmomin biyu a allo don ya nuna yadda baƙi guda da karin sauti ke sauya ma'ana. Aji ya yi dariya, ni ma na yi. Babu wanda ya san na riga su sanin wannan darasi da shekara goma sha biyu.

Tsokanar suna abu ne da kowane yaro ke sha, ba ita ce ta fi yi mini ciwo ba. Akwai kalmomi biyu da suka fi ta nauyi. Ta farko "arniya". Bisa ƙidayar 2012 Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, kuma yawancin ƴan ajinmu sun ɗauka Kirista sai Bature ko mutumin gaɓar teku, ɗan Benin ko Togo. Bahaushiya mai cin tuwon hatsi irin nasu, mai gaisuwa irin tasu, amma ba ta salla, ba su da gurbin da za su ajiye ta sai wannan. Ta biyu ita ce "jikar kuturwa". Wannan kam ba ƙarya suka yi ba.

Tun ban san sunan fannin nazarin ma'ana ba na fara auna kalmomin da Hausa ke da su na ƙimar mutum. Daraja daga Larabci take, asalinta mataki ne, irin na tsani, wato sai da wani a ƙasa kafin a sami wani a sama. Ƙima ma Larabci ce, kuma kasuwa ce gidanta. Girma ba shi ake yi, wanda ya bayar kuwa yana iya karɓe abinsa. Mutunci, wanda ya fito daga "mutum" kansa, shi ne ya kamata ya fi zama lafiya, har Kirk-Greene ya lissafa shi cikin halayen mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974. To amma a duba aikatan da ke rakiyarsa: ana cin mutunci, ana zubar da shi, ana keta shi, yana zubewa. Duk inda na juya, ƙimata tana hannun wasu, wasun kuwa sun riga sun yanke farashi. Har karin maganar da ta yi kamar za ta kare mai irin ciwon Kaka, wadda ke cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, da sharaɗi ta zo. Mu kuwa ba mu da kuɗin.

Kaka, mahaifiyar Baba, mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Gobir. Tana da goyon fari tabon ya fito mata a baya, fari-fari, ko an tsunkule shi ba ta ji. Mijinta ya sallame ta, aka karɓe ɗan, aka yi mata bukka a bayan gari da ƙwaryarta ta daban. Wani ɗan uwanta ne ya kai ta Danja, kudu da Maraɗi, inda mishan ɗin SIM ya buɗe wurin jinyar kutare a shekarun 1950. Mishan ɗin ya shigo ƙasar nan ta Damagaram a 1924, ya zauna Tsibiri, ya gina likitar Galmi a 1950. A zamanin Kaka ƙwaya ɗaya ce maganin, dapsone, ana shan ta shekara da shekaru. Haɗin magungunan da ke kashe cutar cikin wata shida zuwa goma sha biyu sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa. Kafin ciwon ya tsaya ya riga ya tafi da yatsunta, saura babban yatsa na dama da guntaye. A can ta koyi karatun boko da Hausa, a can ta karɓi bangaskiya, a can ta auri kakana, wanda shi ma jinya ta kai shi.

Ita ta raɗa mini suna. Inna ta ce ranar da aka haife ni Kaka ta sa aka kwance zanen, ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya da guntun nata, na hannu da na ƙafa, tana ƙirgawa a bayyane. Ta sani sarai ba a gadon kuturta ta jini, ƙwayar cuta ce, an sha faɗa musu a Danja, kuma ta ga Baba da ƙannensa sun girma lafiya. Duk da haka sai da ta kai ashirin, sannan ta ce, "To, Godiya ke nan."

Ina kolej na kai mata ƙarar abin da ake ce mini. Na zaci za ta rarrashe ni. Sai ta ce, "Kishiya, ɗauko mini littafina." Haka take kirana, irin wasan kaka da jika. Ta sa na buɗe Luka sura ta 17, labarin kutare goma da suka tari Yesu daga nesa suna roƙon jinƙai. Ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya suka tsarkaka, amma ɗaya ne tak ya juyo ya yi godiya, shi ma baƙo ne, Basamariye. Na sha jin wa'azi a kan labarin, kullum ana dukan taran nan da butulci. Kaka ba ta yarda da haka ba. Ta ce wanda bai taɓa cin abinci a ƙwaryar da ba a haɗa ta da ta kowa ba, kada ya yi saurin zagin su. Firist shi ke duba fata ya ba da shaidar mutum ya koma cikin mutane. Gudu suke yi su karɓo wannan shaida, su shiga kasuwa, su rungumi ƴaƴansu. "Da ni ce," in ji ta, "da na riga su isa." Abin da ya ba ta mamaki shi ne na goman. Shi bai jira wani ya duba shi ya ce ya zama mutum ba. Tun a hanya ya san an yi masa abu, ya kuma san wanda ya yi masa.

Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da na fahimta daga baya shi ne, mai godiya yana faɗin wani abu game da kansa ko bai yi niyya ba. Yana cewa an ba ni, wato akwai wanda ya gan ni, ya ga na isa a ba ni. A bangaskiyarmu ta Kirista wannan bayarwa ita ke gaba da komai: an halicci mutum da gangan, an san shi, an fanshe shi tun bai yi abin da zai sa a yaba masa ba. Sunan da muke kiran wannan da shi "alheri", kalmar da masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, suka ɗora wa nauyi fiye da wanda take ɗauka a kasuwa. A bakin kowa alheri kyauta ce ko kyakkyawan aiki, daga Larabci "alkhairi". A majami'a kyauta ce da ba a cancanta ba, saboda haka ba a iya ƙwace ta da hujjar rashin cancanta. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, alheri da godiya saiwarsu ɗaya, "karis" da "yukaristiya". Faransanci ma ya gaji irin wannan dangantaka daga Latin. Hausa ba ta haɗa su a ƙira ba, ɗaya aro ce ɗaya ƴar gida. A gidanmu dai an haɗa su ta wata hanya, domin ƙanwata sunanta Alheri.

Ba cewa nake yi haniniyar ta daina ba. Ta bi ni har lise. Abin da ya sauya shi ne wurin da nake zuwa neman farashina. Na daina ɓoye Kaka in ƙawaye sun zo gida. Wata daga cikinsu, Musulma, ta saba da ita har takan zo ta yi mata kitso, su yi ta hira ni ina gefe kamar baƙuwa.

Akwai wata tuhuma da ake yi wa irin wannan godiya, kuma ban ga ya kamata a share ta ba, domin na ji ta daga bakin ɗalibai masu hankali a nan jami'a. Sukan ce godiya ƙanwar haƙuri ce, su biyun kuwa da su ake rufe bakin talaka da mace. A hana ka haƙƙinka a ce ka gode Allah da ka samu rabi. A daki mace a ce ta gode tana da ɗakin aure. Wannan yana faruwa, a masallaci da majami'a duka, kuma wanda ya yi amfani da sunan Allah ya danne wani zai amsa tambaya. Amma godiyar da na gani wajen Kaka ba ta sa ta yin shiru ba. Matar da ta san ba mutane suka ba ta ƙimarta ba tana da wuyar tsoratarwa. Na ga ranar da wata mai awo ta ce ta jefa kuɗin a ƙasa kada hannunsu ya haɗu. Kaka ta mai da kuɗinta cikin lalita, ta ce, "Baiwar Allah, na warke tun ba a haife ki ba," ta wuce rumfa ta gaba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake sayen ko gishiri a wurin ba.

Gwajin da ya fi tsanani ya zo a watan Janairun 2015, lokacin da fushin zanen ɓatancin da wata jarida ta Faransa ta buga ya sauka a kan majami'u, ranar 16 a Damagaram, ranar 17 a Yamai. An ƙone wurare da dama, an rasa rayuka. Mu da ba mu taɓa ganin jaridar ba muka kwana da takalma a ƙafa. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai sayar da goro, ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gidanmu bayan sallar isha'i, ya ce wa Baba, "Maƙwabci, ku shiga ku kwanta, yau nan nake shan iska." Janairu ne fa, da sanyin hunturu. Ran Lahadi aka yi sujada, mutane ba su kai rabin yadda aka saba ba, ƴan zumuntar mata suka ɗauki tulunansu suka tayar da waƙar godiya. Ina da shekara goma sha uku, raina ya ɓaci, na tambayi Kaka a hanya ko me ake gode wa. Ta ce ba wutar ake gode wa ba, wuta mugunta ce, kuma a faɗa wa hukuma haka. Sannan ta tambaye ni ko na gaida mai goro da safe. Na ce na gaishe shi. Ta ce in koma in durƙusa.

Yanzu da nake shirin rubuta kundin kammala karatu a kan gaishe-gaishen Hausar Gobir, ina ta cin karo da kalmar a cikin abin da na naɗa. Ina aiki? Aiki da godiya. Yaya gida? Sai godiya. Yaya mai jiki? Da sauƙi, mun gode Allah, ko da mai jikin yana shure-shuren mutuwa. Musulmi da Kirista duk haka muke amsawa, har "alhamdu lillahi" ba ta baƙunta a bakin tsofaffin majami'armu. Wani malaminmu yana kiran irin waɗannan amsoshi maganar da ba ta ɗauke da labari, aikinta kawai ta buɗe ƙofar zance. A yawancin bakuna haka ne. Sai dai na zauna da mace guda wadda in ta ce "sai godiya" lissafi take bayarwa, kuma in ka tsaya za ta zayyana maka: ruwan da aka yi daren jiya, akuyar da ta haifi tagwaye, gyambon ƙafa da ya rufe, jikar da ta ci jarrabawa.

Kowace kaka, bayan an kai amfanin gona gida, majami'armu takan yi Lahadin godiya. Ana shigowa da dammunan hatsi, da buhun wake, da kaji, wani har da rago, a tara a gaban bagade, daga baya a raba wa gwauraye da marayu, a sayar da saura. Kaka tana da ƴar gayaunar gyaɗa a bayan gida, wadda take nomawa da hauya ɗaure a hannu da tsumma. A shekararta ta ƙarshe gyaɗar ba ta wuce tiya biyu ba, ta ware ɗaya. Ta rungumi ƙwaryar da wuyan hannayenta biyu, ta shiga layi, tana tafiya kaɗan-kaɗan, mutanen da ke bayanta suna jira. Na matsa na kai hannu zan karɓa mata. Ta kauce da kafaɗa, ko kallona ba ta yi ba.

"Kishiya, bar mini kayana," in ji ta. "In kin noma taki kya ɗauka."