Cin Kifi a Bakin Kwara: Abin da Na Gano a Yamai

Mutumin Kurfi in ya nufi Yamai, hanyarsa ta Katsina ce. Ya bi Jibiya ya tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, daga nan sai Birnin Ƙonni, Dogondutsi, Dosso, sannan babban birnin Nijar. Tafiya ce mai cin jiki, amma da ka hango Kwara shimfiɗe a tsakiyar gari, sai gajiyar ta kama gabanta.

Kogin ya taso ne daga tsaunukan Gini, tsawonsa kuwa wajen kilomita 4,180. Abin da zai fi ba ɗan ƙasarmu mamaki shi ne yadda yake cika da hunturu, lokacin da gulabenmu suka koma yashi. Dalili kuwa, ruwan da damina ta zubar a Gini sai ya ratsa fadamun Mali sannu a hankali, ba ya isowa Yamai sai wajen Janairu.

Da la'asar sakaliya mai masaukina ya kai ni farfajiyar Grand Hôtel, wadda ke kan tudu tana fuskantar Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Daga nan komai a fili yake: masunta na tura kwale-kwale da gora, masu wanki na tattara shanya, 'yan lambu na ban ruwa a gaɓa, rana kuma na gangarawa ta tsallaken kogi. Tsiren wurin ya yi suna, kuma gani ya kori ji. Da aka kira magariba muka yi salla, muka gangara wata rumfa da ke dab da ruwa, inda ake gasa giwan ruwa da karfasa a kan garwashi, kamun ranar.

A nan na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Faransawa suna da ƙa'idarsu ta cin abinci: farar giyar inabi ta bi kifi, ja ta bi jan nama, kuma manyan otal-otal na yi wa baƙinsu hakan. Mu Musulmi ba ruwanmu da giya, amma sanin abin shan da ya dace da kowane abinci ba su kaɗai Allah ya ba ba. Matar da ke da rumfar ba ta tambaye ni abin da zan sha ba sai da ta ji abin da zan ci. Da na ce giwan ruwa, ta kawo ruwan tsamiya da citta, domin tsamin yana yanke maiƙo, cittar kuma tana kashe ƙarni. Mai masaukina da ya zaɓi nama mai yaji, zoɓo mai sanyi aka ajiye masa. Aka haɗa mana da dambu da zogale irin na Zabarmawa, an zuba masa mai da albasa daidai wa daida. Bayan an kwashe kwanuka aka ɗora shayi irin na Buzaye, zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ana sha ana taɓa kilishi.

Abin da ya ƙara wa abincin armashi shi ne natsuwa. Ba mai tsaya maka a ka don ka tashi wani ya zauna. Magidanci ya zo da iyalinsa, ɗalibai sun haɗa kuɗi sun sayi kifi guda, dattawa na hira da Zabarmanci da Hausa da Faransanci, iskar kogi na kaɗawa. Mai abinci ta samu, masunci ya samu, mai sayar da gawayi da mai lambun albasa duk sun samu.

Mu ma ai Allah bai hana mu ruwa ba. Ga madatsar Zoɓe a Dutsin-Ma, kan kogin Karaduwa, an kammala ta tun 1983, tana da kifi da masunta. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, cike da ɗalibai da malamai masu neman wurin shan iska. Zoɓo da tsamiya da aya kuwa suna kasuwanninmu, matanmu ma gwanaye ne wajen sarrafa su. Abin da ya rage shi ne tsaro, da hanya mai kyau, da tsafta.

Don haka ina kira ga gwamnatin jihar Katsina da ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi da su tabbatar da tsaro a kewayen Zoɓe, su ware fili a bakin ruwa domin masu gashin kifi. Attajiranmu kuma su zuba jari a gida, matasa da mata su sami sana'a. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.