Tsinkewar da Ba ta Makaɗi Ba Ce

Wata uku ta shafe tana rubuta wata tsohuwar waƙar fada daga kaset ɗin da aka juye mata a kwamfuta. Sau biyu ta sa alamar hutun numfashi a tsakiyar saɗara, har ta soma kafa hujja cewa da gangan makaɗin yake karya rauji. Ranar da ta sake saurare, sai tsinkewar ta ɓace daga wurinta, ta ɓulla a wani ɗan waƙar. Tabon da ke jikin kaset ba ya ƙaura. Wannan kuwa yawo yake yi.

Ashe aikin kwamfutar ne. Sautin da ke fita ɗigo 44,100 a daƙiƙa, sai an riƙa zuba shi a wata 'yar ma'ajiya, kuma mai cin ɗigo 256 takan ƙare kafin milisakan 6. Zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, wato kanel, ita ke raba wa ayyuka lokaci. Idan hidimar intanet ta riƙe ta, manhajar sauti ta makara, ma'ajiya ta ƙafe, kunne ya ji giɓi. Masu Linux sun yi kusan shekara 20 suna gyaran irin wannan jinkiri, sai a 2024 PREEMPT_RT ya shiga uwar kanel, a siga ta 6.12.

Mai sauraron nishaɗi ba zai damu ba. Manazarci kuwa ya san tsawon wasali kaɗai ya raba garin zama da garin tuwo. Ta kashe intanet, ta faɗaɗa ma'ajiyar, ta koma saɗarar farko. Shafi huɗu ta soke daga babinta.